Fenshon 'Yan Kwana-Kwana Da Aljihun Ƙananan Hukumomi

Ko wace shekara, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, an kawar da amfanin gona an jibge kara a bayan gida, sai maganar gobara ta taso a ƙasar Karaye da Rogo. Mutanen Ruwan Bago da na Zarewa da Fulatan da Beli sun san yadda abin ya ke: wuta ta kama a unguwa, a aika neman taimako, kafin mota ta iso rumbu ya riga ya zama toka. Saboda haka kukan da mu ke ji kullum shi ne a kawo tashar kashe gobara kusa da jama'a, a sayo mota, a ɗauki ma'aikata. Kuka ne na gaskiya, mun kuwa goyi bayansa. Amma akwai wata tambaya da ba a cika yinta ba, ita ce kuwa mu ke so mu tattauna yau. Ran da ɗan kwana-kwana ya tsufa, ko kuwa katanga ta rufto masa tun yana da ƙuruciya ta karya masa ƙugu, wa zai ci da shi da iyalinsa, daga wane aljihu kuma kuɗin za su fito?

Wannan magana ta shafi akawunan ƙananan hukumomi da malaman makaranta kai tsaye, domin kuwa a Jihar Kano asusun da zai biya ɗan kwana-kwana fensho shi ne zai biya su. In ya cika, kowa ya samu. In ya yi yoyo, kowa ya ji a jikinsa.

Yadda Aka Faro

A da, kashe gobara aikin gayya ne. In aka yi kururuwa, mata su fito da tuluna, maza su yaye jinkar maƙwabta don kada wutar ta tsallaka, wanda ya ƙone kuwa dangi su yi jiyyarsa, mai unguwa ya tara masa gudummawa. Ba a rubuta kome a littafi ba, ba a kuwa bin kowa bashi.

Aikin kashe gobara na hukuma a ƙasar nan ya faro ne a Ikko, a ƙarƙashin 'yan sanda, sa'an nan a 1963 aka yi dokar da ta kafa ma'aikatar kashe gobara ta Tarayya. Da aka ƙirƙiro jihohi a 1967, Kano na cikinsu, sai sannu a hankali ko wace jiha ta tsai da tata. 'Yan kwana-kwanan Kano ma'aikatan Gwamnatin Jiha ne, ita ke biyansu albashi.

Shi ma fensho yana da nasa tarihi. Dokar fensho ta 1951 ta zamanin Turawa, da wadda ta biyo bayanta a 1979, duk sun ɗora nauyin a kan baitulmali kurum, watau ma'aikaci ba ya zuba ko anini. A zamanin En'e kuwa baitulmali yana da hanyar shigar kuɗi tasa, ta haraji da jangali. A 1976 aka yi gyaran da ya mai da En'e ƙananan hukumomi, a 1979 kuma Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano. Tun daga sa'an nan ƙananan hukumomi su ka dogara da kason da a ke aiko musu daga asusun Tarayya. Bisa ga tsarin rabon da aka daɗe ana bi, ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan gaba ɗaya su na da kashi 20.60 cikin 100, jihohi kashi 26.72, Tarayya kashi 52.68.

Tsarin Kano

Da bashin fensho ya yi wa gwamnatoci katutu, sai Tarayya ta sake tsari a 2004, ta kuma gyara shi a 2014. A wannan tsari ko wane ma'aikaci yana da asusu nasa na kansa, shi ya zuba kashi 8 cikin 100, mai ba shi aiki ya zuba aƙalla kashi 10, abin da ya taru kuma shi zai ci in ya ajiye aiki. Kano ba ta bi wannan hanya ba. Dokar da ta yi a 2006 ta kafa asusu guda na amintattu, wanda ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi duka su ke ciki. Ma'aikaci ya zuba kashi 8, hukumar da ya ke yi wa aiki ta zuba kashi 17, sa'an nan abin da za a biya shi ya danganta ga albashinsa da shekarun da ya yi yana aiki.

Wannan tsari yana da kyau ga ma'aikaci, musamman mai aikin haɗari, domin alkawari ne aka yi masa wanda bai rataya ga abin da shi kaɗai ya tara ba. Amma alkawari ba ya cika kansa. Masu kula da asusun sun sha kokawa cewa wasu ma'aikatu da hukumomi ba sa zuba kasonsu a kan kari. An kuma taɓa sa wani sashe na kuɗin a ginin gidaje a bayan birnin Kano, gida kuwa ko da ya yi daraja ba a iya yanka shi a biya fenshon wata. Sakamakon haka, gwamnatin da ta hau a 2023 ta ce ta tarar da bashin kuɗin sallama da haƙƙin mamata na kimanin Naira biliyan 48. A ƙarshen wannan shekara ta fara biya da Naira biliyan 6, ta kuma ci gaba kashi-kashi. Wannan abin yabo ne. Sai dai darasin da ke ciki shi ne, in aka ƙi zuba kashi 17 yau, gobe za a biya shi ga mutanen da su ka riga su ka tagayyara, wasunsu ma sai dai a miƙa wa magada.

Abin Da Ya Bambanta Ɗan Kwana-Kwana

Wani malami zai ce, to ai dukanmu ma'aikata ne, don me za a ware ɗan kwana-kwana? Amsa ita ce, dokar aikin gwamnati ta ce ma'aikaci ya ajiye aiki in ya kai shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki. Akawu yana iya riƙe alƙalami har ya kai wannan lokaci. Malami ma haka, har dokar Tarayya ta 2022 ta ƙara wa malamai zuwa shekara 65 ko 40 ta aiki. Amma mutumin da aikinsa shi ne hawan tsani da jan mesa da shiga hayaƙi, ƙarfin jikinsa shi ne jarinsa, kuma jarin nan yana ƙarewa tun kafin shekarun su cika.

Aikin kuma bai tsaya ga wuta ba. 'Yan kwana-kwanan Kano su a ke kira in yaro ya faɗa rijiya ko kududdufi, su ke zuwa in mota ta yi haɗari ko gini ya rushe. Sa'ad da jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a watan Nuwamba na 2021, aka rasa rayuka da yawa, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, su na cikin waɗanda su ka yi aikin ceto. Mu da mu ke da madatsar Challawa da ta Kusalla a ƙasar Karaye ba ma bukatar a gaya mana haɗarin ruwa. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban rumfuna, da fashewar tankar mai a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, wadda ta hallaka mutum fiye da 150, sun nuna irin wutar da a ke tura mutanen nan su tunkara.

Akwai kuma cutar da ba ta bayyana nan da nan. A 2022 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aikin kashe gobara cikin ayyukan da aka tabbatar su na jawo ciwon daji, saboda hayaƙi da gubar da mai aikin ke shaƙa. Wanda ya shekara ashirin yana shaƙar hayaƙin roba da katifa da fenti ba tare da abin rufe hanci ba, yana iya ajiye aiki lafiya lau, bayan shekara biyar ƙirji ya kwantar da shi. In ba a rubuta gobarar da ya halarta ba, wa zai yarda cewa aikin ne ya jawo masa?

Dokar Diyya

Fensho dabam, diyya dabam. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta shafi ko wane mai ba da aiki, har da gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi. Ta ce a zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikata a asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi. In ma'aikaci ya naƙasa gaba ɗaya a bakin aiki, za a riƙa biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa ko wane wata. In ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye, su ma kashi 90 za a riƙa ba su. Dokar ta kuma tanadi kuɗin magani da na koya wa wanda ya naƙasa wata sana'a.

Ga abin da ya kamata ko wane akawu ya rubuta ya liƙa a bangon ofishinsa. Wanda ya ji rauni, ko magajinsa, zai sanar da ma'aikatarsa cikin kwana 14. Ma'aikatar za ta sanar da hukumar cikin kwana 7. Takardar neman diyya kuma a shigar da ita cikin shekara guda. Haƙƙi da yawa ya kan salwanta saboda takarda ta kwana a cikin fayil, mai haƙƙin yana kwance a asibiti, matarsa kuwa ba ta san ƙofar da za ta buga ba. Hukumar ta sha kiran jihohi da ƙananan hukumomi su shiga tsarin su riƙa zuba kasonsu, domin doka a takarda ba ta biyan kowa sai an zuba kuɗin.

Bari Mu Yi Lissafi

A ran 11 ga watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba. An ja ƙafa wajen aiwatarwa, amma hukuncin ya sa mutane da yawa su na cewa, in kuɗi ya zo hannu, Rogo ta yi tata tashar, Karaye ta yi tata. To, bari mu ɗauki misali mu ga abin da ke ciki. Alƙaluman ma'aikatan nan namu ne, don sauƙin fahimta kurum.

A ce ƙaramar hukuma ta ɗauki mutum 30, don a samu masu karɓar juna dare da rana. A ce ko wanne yana kan mafi ƙarancin albashi da Kano ta tsayar a 2024, watau Naira 71,000. Albashinsu a wata ya kama Naira 2,130,000. In aka lissafa kashi 17 na fensho a kan albashin duka, ya zama Naira 362,100. Kashi 1 na diyya kuwa Naira 21,300. Jimlar biyun Naira 383,400 a wata, watau Naira 4,600,800 a shekara, ban da albashin kansa, ban da mai da gyaran mota da tufafin aiki. Wannan nauyi ne, amma nauyi ne sananne, Ma'aji yana iya sa shi cikin kasafin shekara.

Yanzu a ce ƙaramar hukumar ba ta shiga tsarin diyya ba, ta ce za ta ji da abinta. Sai saurayi guda mai shekara 30 ya naƙasa. Kashi 90 na albashinsa Naira 63,900 ne a wata, Naira 766,800 a shekara. In ya ƙara shekara 30 a duniya, abin da za a biya shi ya haura Naira miliyan 23, ko da ba a taɓa ƙarin albashi ba, ban da kuɗin asibiti. Ku duba ku gani: abin da za a ba mutum guda a wata ya ninka sau uku abin da za a zuba wa mutum 30 ɗin gaba ɗaya. In su biyu ne rufin ya danne, ya zama ninki shida. Ƙaramar hukumar da albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya ya riga ya cinye yawancin kasonta, ina za ta samo wannan? Ɗayan biyu za a yi. Ko dai a fasa gyaran aji da haƙa rijiya, ko kuwa a ba gurgun 'yan kuɗi a ce ya je ya yi haƙuri. Mun san wanda aka fi yi.

Ma'anar lissafin nan ita ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haɗari ba ya faɗa wa ƙananan hukumomi 44 na Kano a shekara guda. In duka su ka zuba kashi 1 a asusu guda, na waɗanda su ka kwana lafiya zai rufe na wadda abin ya auka wa.

Darasi Daga Waje

A Amurka birane da yawa su ke ɗaukar 'yan kwana-kwanansu, su kuma ke biyansu fensho. Shugabanni su ka riƙa yin alkawari mai daɗi lokacin zaɓe, ba sa ajiye kuɗin da zai cika shi, domin sun san ran biya wani ne zai kasance a kan kujera. Wani ƙaramin gari mai suna Santaral Fols a Jihar Rod Ailan ya karye a 2011, har aka yanke wa wasu tsofaffin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana fiye da rabin fenshonsu. Birnin Ditiroyit ma ya karye a 2013 da bashin da ya kai kimanin dala biliyan 18, haƙƙin tsofaffin ma'aikata na cikin manyan abubuwan da su ka haɗa shi. A Ingila kuwa, da nauyin ya yi yawa, sai aka ɗaga shekarun ajiye aikin 'yan kwana-kwana daga 55 zuwa 60, abin da ya jawo yajin aiki, ƙungiyarsu tana cewa mai shekara 59 ba shi da ƙarfin shiga gidan da ke ci da wuta. In ƙasashen da su ka fi mu kuɗi sun yi tuntuɓe a nan, lalle in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa.

Shawararmu

Na farko, ɗaukar 'yan kwana-kwana da fenshonsu su zauna a hannun Gwamnatin Jiha, domin kafaɗarta ta fi faɗi. Ƙananan hukumomi su ɗauki abin da za su iya ƙiyastawa: fili, da gini, da rijiyar burtsatse da tankin da mota za ta sha ruwa, da gyaran hanyar da za ta bi. Karaye da Rogo su na ƙarƙashin masarauta guda, babu abin da zai hana su haɗa hannu a wannan.

Na biyu, kada a ɗauki samarin gari aikin wucin gadi a ba su riga da hula a tura su cikin wuta alhali sunansu ba ya cikin ko wane littafi. Wannan araha ce mai tsada, kuma zalunci ne. Duk wanda za a tura, a fara sa sunansa a tsarin fensho da na diyya.

Na uku, kashi 17 da kashi 1 su fita rana ɗaya da albashi, kuma ko wane wata uku a buga sunayen hukumomin da su ka zuba da waɗanda ba su zuba ba. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 210, ya ce a sake duba fenshon ma'aikatan jiha ko wace shekara biyar ko kuwa duk sa'ad da aka sake albashi. Ba za a iya cika wannan da asusun da a ke bin bashi ba.

Na huɗu, tilas a tsare asusun daga masu ƙarya. Inda duk a ke biyan diyya, za a samu mai ciwon bayan da ba shi da shi, da sunan mamacin da a ke ci gaba da karɓar kuɗinsa. Maganin wannan shi ne kwamitin likitoci da zai duba mai rauni, ya sake duba shi lokaci-lokaci, da kuma littafin da za a rubuta ko wace fita da sunan waɗanda su ka je. Littafin nan zai kare mai gaskiya ya tona maƙaryaci.

Na biyar, wanda ya ji raunin da ya hana shi hawan tsani bai zama mara amfani ba. A ba shi aikin karɓar kira a ofis, ko duba kasuwanni da gidajen mai, ko zagaya makarantu yana koya wa yara yadda a ke kiyaye wuta. Mu da mu ke harkar ilmi mun san yaro ya fi sauraron mutumin da ya ga abin da idonsa. In ɗan aji biyar a Ruwan Bago ya koma gida ya hana a ajiye jarkar fetur a ɗakin kwana, ko ya sa aka rufe bakin rijiya, ya rage wa ƙaramar hukuma asarar da ba za ta taɓa sani ba. Gobarar da ba ta tashi ba, ba ta da diyya.

Daga ƙarshe mu na kira ga akawuna da malamai, ko wannenku ya duba takardar albashinsa ya ga an cire kashi 8, sa'an nan ya tambayi Ma'aji, ta hannun ƙungiyarsa, ko an haɗa da kashi 17 an aika. Tambaya ce ta haƙƙi, ba rashin ladabi ba ne. Kansilolin Rogo da Karaye kuma, in an kawo musu maganar tasha da mota, su nemi a nuna musu shafin da aka rubuta fensho da diyya kafin su ɗaga hannu, gama ba a fafe gora ran tafiya. Mutumin da mu ke kira da tsakar dare ya shiga inda mu ke gudu mu fito, ya cancanci ya san cewa in bai fito da ƙafafunsa ba, 'ya'yansa ba za su bar makaranta su shiga bara ba.